Wa Ya Isa Ya Saurari Adda

A gidanmu ni ce mai baki. Tun ina ƙarama Inna take cewa da ana sayen magana a kasuwar Boɗinga, da ni kaɗai na ciyar da gidan har na yi kyauta. Adda kuwa, babbar yayarmu, sai ka wuni da ita ba ka ji komai daga bakinta ba sai gaisuwa da salati. Na girma ina ganin shirun nan nata rashin kuzari ne. Yanzu da na ajiye keken ɗinkina na ɗauki alƙalami don in rubuta labarinta, alfahari da ita ne ya cika mini ciki, kuma ba zan ɓoye ba.

Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Dingyaɗi. Baba manomin albasa ne, da damina kuma ya yi gero da dawa kamar kowa. Ni aure ya kawo ni cikin garin Boɗinga, inda nake ɗinki. Adda aure ya kai ta ƙasar Shagari, wani ƙauye kusa da Horo Birni. Mijinta ya rasu ya bar mata yara ƙanana da gona. Da ta fita takaba Baba ya aika ta dawo gida, ta ce a yi mata haƙuri, gonar marayu ba ta son a juya mata baya. Ta zauna tana nomanta.

Akwai wani mai sayen hatsi a garin nasu, mutum mai faɗa a ji, wanda ya nemi aurenta. Ta ce a'a cikin ladabi. Ya sake aikowa, ta sake cewa a'a. Wata rana da hantsi, a ƙarshen damina, gero ya yi tsawon da ya shanye mutum, ta shiga gona roron wake, ya bi ta ya yi mata fyaɗe. Na rubuta kalmar yadda take domin ita ma haka ta faɗe ta. Ba ta taɓa cewa “ya ɓata ni” ba, ta ce ita ba nono ba ce balle ta ɓaci.

Abin da ta yi bayan haka shi ne abin da kowace mace ta ƙasarmu za ta yi. Ta fito bakin hanya, ta tsayar da ɗan kabu-kabu ya kai ta titi, ta shiga mota. Motar ta bi ta gaban ofishin ’yan sanda na Shagari, ko kallonsa ba ta yi ba. Mace in duniya ta yi mata zafi gidan ubanta take nufa, ko da gidan yana bayan gari bakwai. Ta iske Baba a zaure yana gyaran igiyar jaki. Shi ya fara ganin ta, da yagaggen zane da ƙasa a gashinta, shi ya fara jin maganar.

Da aka aiko mini na rufe shago na taho, na tarar Inna ta ɗora ruwan zafi tana kuka. Wata maƙwabciyarmu da ke aiki a asibiti ta ce a sauke ruwan nan, a fara zuwa wurin likita da ita da tufafin jikinta. Baba ya saka hularsa, muka kama hanyar Boɗinga, tunda nan ne namu, nan muka san mutane. A asibiti Adda ta faɗi abin da ya faru. A ofishin ’yan sanda ta sake faɗi, tun daga shigarta gona har fitowarta, wani yana rubutawa yana cewa ta maimaita nan, ta maimaita can. Sai da ta gama tas, aka tambaye ta sunan garin da gonar take.

Ɗan sandan ya ajiye biro. Ya ce wannan gona a ƙasar Shagari take, don haka ofishin can ne zai bi maganar. Ya ce shi laifi inda aka aikata shi ake bin sa, ba inda aka kai kuka ba. Nan fa bakina ya buɗe. Na ce, “To mi hana ka tambayi garin tun hwarko, sai da kas sa ta tuɓe zuciyatta gabanka?” Bai yi fushi ba, ya ce za su haɗa mu da mutum da takarda, ba za a watsar da mu ba. Kuma sun haɗa mu ɗin. Amma a Shagari aka sake zaunar da Adda, ta sake ɗauko maganar daga tushe. Aka kamo mutumin. Daga nan aka ce laifin babba ne, sai an miƙa shi ga masu binciken manyan laifuka a Sakkwato. Can ma ta zauna ta faɗa.

Ni nake raka ta duk inda za a je, don haka ni na san abin da kowace maimaitawa take ci a jikinta. Takan fito ta zauna a inuwa, ta kasa haɗiye ko ruwa. In mun dawo gida sai ta yi kwana da kwanaki tana kallon bango. Tsorona shi ne kafin mu isa wurin wanda zai yi hukunci, Adda ta ƙare, maganar ta mutu a hanya, mutumin ya koma bakin buhunansa yana auna hatsi kamar ba a yi komai ba.

Baba bai san kotu ba sai guda ɗaya, ƙaramar kotun shari’ar Musulunci ta kusa da mu, inda ake raba gado da sasanta rikicin iyakar gona. Ya yarda da alƙalin wurin, ya san shi malami ne. Ya je ya same shi da kansa. Alƙalin ya saurare shi, ya yi masa jaje, sannan ya gaya masa gaskiya cewa kotu hawa-hawa ce, kowace da ma’aunin da aka yanka mata, kuma wannan magana ta wuce ma’aunin tasa. Ya ƙara da cewa tunda hukuma ta karɓa, ita ce yanzu mai ƙara, ita za ta kai maganar inda ya dace. Baba ya dawo gida, bai ci tuwon rana ba.

Sai aka ce mana an sa ranar shiga kotun majistare a birnin Sakkwato. Muka ɗauka ranar ce. Adda ta yi wanka, ta saka hijabinta mai ruwan toka wanda na ɗinka mata, ta yi ta jan carbi a mota. Dangin mutumin su ma sun cika mota guda sun zo. Aka shigo da shi, aka karanta abin da ake zargin sa da shi. Na jira a tambaye shi ko ya aikata, ba a tambaye shi ba. Na jira a kira Adda, ba a kira ta ba. Alƙalin ya yi ’yan maganganu, magatakarda ya fassara cewa wannan kotu ba ta da hurumin sauraren shari’ar fyaɗe, za a tsare wanda ake zargi a gidan yari, a aika takardun bincike ma’aikatar shari’a don lauyoyin gwamnati su duba. Shi ke nan, aka kira ƙara ta gaba. Ko tabarma ba a gama shimfiɗawa ba aka ce a naɗe.

A waje na yi ta faɗa har mutane suka taru. Wata lauya ta gwamnati, mace ’yar siririya mai tabarau, ta ja ni gefe. Ta ce alƙalin nan bai yi mana rowa ba. Hukuncin fyaɗe yana da nauyi, kuma doka ba ta ba kujerarsa ikon ɗaukar wannan nauyin ba, babbar kotu aka ba. Da zai yi ƙarfin hali ya saurara ya yanke, lauyan mutumin zai ɗaukaka ƙara a rushe komai, Adda ta koma farko. Na fahimta, amma fahimta ba ta sanyaya mini rai ba. Na ce mata wanda ya tsara wannan hanya bai taɓa raka yayarsa ba. Ta ce gaskiyata ce.

Dangin mutumin kuwa abin da ya yi musu daɗi suka ɗauka suka kai gida. Kafin mako ya zagayo, magana ta bazu daga Horo Birni har Mandera cewa alƙalin birni ya ce babu shari’a, ko matar ma bai kira ba don ya ga ba ta da gaskiya. Matan da ke kawo mini ɗinki suka fara yi mini jaje iri biyu, na baki da na ido. Wata ma ta ce mini ai ita bazawara da mai neman ta, Allah kaɗai ya san tsakaninsu. Na miƙa mata atamfarta ban yanka ba, na ce ta nemi wani tela.

Ana cikin haka suka aiko da dattawa. Bayan la’asar suka zo, da wani malami a gabansu da ƙullin goro. Baba ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, ya sa aka kawo ruwa. Ni ina bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, kuma ba zan ce wucewa nake yi ba, laɓewa na yi. Suka yi gaisuwa mai tsawo, suka yi addu’a, malamin ya yi bayani a kan falalar rufa asirin Musulmi da ladan yafiya. Wani ya ce kotu da kanta ta sake maganar, me ya rage in ba a haɗu a binne ta ba. Wani ya ce mutumin a shirye yake ya aure ta ya riƙe marayun.

Baba mutum ne mai kunyar baƙo. Ban taɓa jin ya ce wa dattijo a’a kai tsaye ba, kuma wallahi na tsorata. Ya daɗe yana kallon goron. Sannan ya ce, “Na ji, kuma na gode da tattaki. Amma ku taya ni dubawa. Alƙalinmu na nan, malami na, ya san littahi, nit tahi wurinai, yac ce wagga magana ta hi ƙarhinai. Na birni, da ’yan sanda gaba da baya, shi ma yac ce ta hi ƙarhinai, sai ta sama. Ba sakin ta yay yi ba, ɗaga ta yay yi. To ni manomin albasa, bisa tabarmag ga, ni ka yanke abin da alƙalai biyu sunka ce ba su isa ba?” Malamin ya fara cewa ai shi uba ne. Baba ya ce, “Uba na, amma ba ni anka yi ma ba. Wadda anka yi ma tana ciki, kuma ba ta ce ta yahe ba. Ku ɗauki goronku, Allah shi maishe ku gida lahiya.”

Na koma cikin gida da murna, na kwashe komai na gaya wa Adda har da kwaikwayon murya. Tana tsinke zogale a faranti, ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, “Baba ya yi daidai. Ni ma na gane yanzu. Daga yau ba ni ƙara hwaɗin ta ga kowa, sai wanda ad da ikon yankewa.”

Kuma ta riƙe wannan magana da ƙarfin da ya ba ni tsoro. Gwaggonmu ta zo daga nesa tana son ta ji daga bakinta, Adda ta gaishe ta ta kawo mata fura, ba ta ce komai ba. Wasu mata masu taimakon waɗanda aka zalunta suka zo da kyakkyawar niyya, ta gode musu, ta ce takarda tana wurin ’yan sanda. Damina ta wuce, aka dasa albasa aka cire, wata daminar ta kawo kai. Ƙannenmu maza suka je suka nome gonar marayun, ita kuma tana gidan Baba da yaranta. Mutane suka fassara shirunta yadda suke so, wasu suka ce ta janye, wasu suka ce kunya ta kama ta.

Da lauyoyin gwamnati suka gama dubawa suka shigar da ƙara a babbar kotu, lauyar nan mai tabarau ta kira mu ofishinta don ta shirya Adda. Ta ce ta ba ta labarin kamar yadda za ta bayar gaban alƙali. Adda ta dube ta ta ce, “Ranki shi daɗe, ke ka yankewa?” Ta ce a’a, ita mai gabatarwa ce. Adda ta ce, “To ki karanta wanda nib ba su, ban canza ko harahi ba. In na hwaɗa miki yau, ban san ko ina da sauran ƙarhi ranar ba.” Lauyar ta gaya mini a gefe cewa tana tsoro, domin ta ga mata da yawa da suka shiga wurin shaida harshensu ya ɗaure, kuma in Adda ta kasa magana, takardar likita kaɗai ba lallai ta ɗauki shari’ar ba. A mota na yi wa Adda faɗa tun daga birni har Dingyaɗi. Na ce taurin kanta zai sa azzalumi ya sha. Ta bar ni na gaji don kaina.

Ranar da aka shiga babbar kotu, alƙalin ya sa aka rage ’yan kallo, aka bar dangi kaɗan. Aka fitar da Baba waje domin shi ma shaida ne, ba a son ya ji abin da za ta faɗa. Tun kafin a fara, lauyan mutumin ya tashi ya kawo maganar cewa an fara kai ƙara Boɗinga alhali abin da ake zargi a ƙasar Shagari ne. Alƙalin ya ce wa tafinta ya fassara mana amsarsa: da Boɗinga da Shagari duk a ƙarƙashin wannan kotu suke, kuma laifin da ake magana a kai nata ne ta saurara. A karo na farko muka ji wani ya ce maganar tasa ce.

Aka rantsar da Adda. Ta tsaya, ta gyara hijabi, ta fara. Ni da na ce ni ce mai baki, ranar na san ban iya magana ba, surutu na iya. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba, ba ta tsallake komai ba. In tafinta ya sassauta wata kalma don kunya, da yake alƙalin yana jin Hausa, sai ya ce masa ya faɗa yadda ta faɗa. Mutumin yana zaune a inda aka ajiye shi, ya rame, ya kasa ɗaga kai. Lauyansa ya taso da tambayoyi, ya zagaya ta nan ya zagaya ta can, daga ƙarshe ya kawo wadda yake ganin ita ce babba. Ya ce in da gaske an yi mata abin da ta ce, me ya sa ta wuce ofishin ’yan sanda na Shagari da ke bakin titi, ta yi doguwar tafiya har Dingyaɗi? Adda ta dube shi da mamaki na gaske, ta ce, “Ɗan sanda yah haihe ni? Gidan ubana nit tahi.” Alƙalin ya sunkuyar da kai yana rubutu, ya daɗe bai ɗago ba.

Sai aka kira Baba, domin shi ya fara ganin ta a halin da ta iso. Ya shigo da babbar rigarsa ta Juma’a. Bayan rantsuwa lauyar gwamnati ta tambaye shi ko ya san matar da ke zaune can. Ya ce ɗiyarsa ce. Ta ce ya faɗa wa kotu sunanta. Adda ’yar fari ce, kuma a wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, kunya ce da aka gada. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanta a bakin Baba ba. “Ke” yake ce mata, in yana maganarta da Inna ya ce “waccan”. Ya ce wa lauyar, “Babbar ɗiyata ta.” Alƙalin ya ce masa cikin girmamawa kotu tana bukatar suna. Baba ya dubi ƙasa, ya dubi mutumin, sannan ya ɗaga kai ya faɗi sunanta da ƙarfi, ya haɗa da nasa a bayansa, yadda har na bakin ƙofa sai da ya ji. Adda da ba ta zubar da hawaye ba lokacin da take ba da labarin abin da aka yi mata, sai ga shi ta rufe fuska da hijabi kafaɗunta suna rawa.

An ɗage shari’ar, an sake ɗagewa, likita ya zo ya ba da tasa shaidar, ɗan sanda mai bincike ya ba da tasa. Ranar hukunci alƙalin ya daɗe yana karatu da Turanci, muna zaune ba mu san inda aka dosa ba. Daga ƙarshe tafinta ya juyo ya ce kotu ta gaskata shaidar matar, ta samu mutumin da laifi, ta yanke masa ɗauri na shekaru masu yawa. Na so in yi guɗa, ɗan sandan kotu ya harare ni, na haɗiye ta da ƙyar.

Muka fito muka tsaya a inuwar wata dogonyaro muna jiran mota. Baba ya koma halinsa, yana gefe yana kallon titi kamar bai san mu ba. Adda ta matsa kusa da shi, ta ɗan rusuna, ta ce a hankali, “Baba, ashe ka san sunana.”

Bai juyo ba. Ya ce, “Ke, tahi can. Ni nir raɗa miki shi.”